Cikin fari: wace al'ada ce ke da tushe a addini, kuma me ya kamata in koya kafin in sauka?

'Yar Islamiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayena da yayyena da malaman da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma na ɓoye sunana ne domin magana ce da ba zan iya buɗe baki in yi ta a gaban manyan gidanmu ba.

Ina ɗauke da cikin fari wanda ya shiga wata na shida, kuma an riga an tsayar da magana cewa da ya cika wata bakwai za a zo a tafi da ni gida goyon ciki, kamar yadda aka yi wa yayyena. Tun ina budurwa nake zuwa Islamiyya, bayan aure ma maigidana ya bar ni na ci gaba da zuwa ta matan aure da ke bayan layinmu, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Da cikin ya fito, sai gwaggon maigidana, wadda ita ta riƙe shi tun yana yaro kuma nake ganin girmanta kamar na mahaifiyata, ta kira ni ɗaki ta ce in jingine makaranta har sai na yi arba'in. Ta ce ba tarbiyya ba ce mai cikin fari ta riƙa ratsa unguwa kowa yana ƙare mata kallo, ga kambun baka, sannan lokacin da muke tasowa almuru ne, iskoki suna iya shafar abin da ke cikin a haifi ɗan ruwa. Ta ƙulle mini wani ɗan guntun ƙarfe a haɓar zani ta ce kada in kuskura in fita ba shi, kuma kullum da safe akwai almajirin da yake kawo mini rubutu a ɗan kwano daga wajen wani malami da ban sani ba.

A gefe guda kuma ƙawayena suna ta turo mini saƙonni ta WhatsApp masu jera surar da za a karanta a kowane wata na ciki: Suratu Yusuf domin yaro ya yi kyau, Suratu Luƙman domin ya yi hikima, Suratu Maryam domin naƙuda ta zo da sauƙi. Ina karantawa, amma zuciyata ba ta natsu ba, tunda babu saƙon da ya faɗi inda aka samo wannan tsari.

Abin da ya fi damuna shi ne ibadata. Sujada ta fara yi mini nauyi, kuma akwai azumi tara a kaina da na sha a farkon cikin saboda laulayi, ban san ko ramuwa kawai zan yi ba ko har da ciyarwa. Yayata kuma ta ce mini in kwantar da hankalina, idan na haihu babu ni babu sallah sai ranar da na gama wanka. Ina roƙon masu sani su rarrabe mini abin da yake addini da abin da yake al'ada a cikin waɗannan, kuma su nuna mini yadda zan yi ba tare da na ɓata wa gwaggo rai ba. Allah ya saka da alheri.

Malamar Matan Aure ta amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya raba lafiya. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, domin shi ne farilla, sauran kuma su biyo baya.

Abin da yayarki ta gaya miki kuskure ne da ya yi jijiya a gidajenmu, kuma duk tsawon shekarun da na yi ina karantar da matan aure ban taɓa samun ajin da babu mai wannan fahimta ba. Kwana arba'in da ake ƙirgawa na wankan jego ne, sallah kuwa tana rataye ne da ɗaukewar jinin biƙi. Ahalarin da kika karanta tun kina ƙarama ya faɗa a fili cewa mafi tsawon jinin biƙi kwana sittin ne, kuma idan ya ɗauke kafin nan, ko da a ranar haihuwar ne, mace za ta yi wanka ta yi sallah. Wasu mazhabobin sun tsayar da iyakarsa a kwana arba'in saboda hadisin Ummu Salama, amma babu wanda ya ce wadda ta ga tsarki da wuri ta zauna jiran arba'in. Ki lissafa da kanki: mace ta tsarkaka a kwana na 25, ta ci gaba da zama har kwana na 40, salloli 75 ke nan suka hau kanta, kuma da yawa ba su san akwai bashin ba balle su biya. Akwai kuma wani wurin da ake zamewa. Ruwan da aka dafa da ganyen darbejiya har launinsa da ƙanshinsa suka sauya ba ya ɗauke hadasi a mazhabarmu ta Malikiyya, don haka wankan jego, ko sau nawa aka yi shi a rana, ba ya tsayawa a madadin wankan tsarki. Ranar da kika ga jinin ya ɗauke, ki sa a ɗumama miki ruwa tsantsa wanda ba a jefa masa komai ba, ki ƙulla niyya ki yi wankanki daban.

Game da sujada, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa, kuma hadisin yana cikin Buhari. Ma'anarsa ita ce abin da kika kasa shi kaɗai ne ya faɗi a kanki. Idan kina iya tsayuwa da ruku'u, ki yi su, idan an zo sujada ki zauna ki yi nuni gwargwadon abin da cikin ya bar ki. Ina faɗin haka ne saboda na sha ganin mata da zarar ciki ya yi wata biyar sai su jawo kujera su yi sallar gaba ɗaya a zaune, alhali da an sallame za su miƙe su yi shara da wanke-wanke.

Azumin da kika sha kuwa, Risala ta ce mai ciki idan ta ji tsoro a kan abin da ke cikinta za ta sha ba tare da ciyarwa ba, ta kuma ambaci wani ƙaulin da ya ce ta ciyar, amma na farkon shi ne mashahuri. Ramuwa ce a kanki, kuma ba dole ki yi ta yanzu da tsohon ciki ba. Mai shayarwa ce aka ce ta rama kuma ta ciyar da mudun Annabi a kan kowace rana, wannan ma ki riƙe shi domin zai yi miki amfani baɗi.

Jerin surorin nan na WhatsApp babu wani ingantaccen hadisi da ya zo da shi. Karatun Alƙur'ani alheri ne ga mai ciki kamar yadda yake ga kowa, ki karanta Yusuf da Maryam da duk inda kika so, sai dai kada ki ƙudurce cewa shari'a ta ware wa wata na kaza sura kaza. In addu'a kike nema, Alƙur'ani ya ba mu ta masu neman haihuwa da masu ciki da lafazinta. Annabi Zakariyya ya roƙi zuriya tagari a aya ta 38 ta Suratu Ali Imrana, Annabi Ibrahim ya roƙi ɗa daga cikin salihai a aya ta 100 ta Suratus Saffat, matar Imrana kuwa tun cikin yana jikinta ta yi bakancensa ga Allah, da ta haihu ta nema wa Maryam da zuriyarta tsari daga Shaiɗan. Aya ta 189 ta Suratul A'araf ma ta kawo halin da kike ciki daidai, inda ta ce lokacin da cikin ya yi nauyi sai ma'auratan biyu suka roƙi Ubangijinsu ya ba su salihi. Ki lura cewa su biyu suka yi roƙon, don haka ki ja maigidanki cikin lamarin. Ki kuma lura cewa salihanci aka roƙa a duk wuraren nan, babu inda aka roƙi farar fata ko dogon hanci.

Sai maganar gwaggo. Kada ki yi saurin watsar da ita gaba ɗaya, domin akwai inda ta samo asali. Kambun baka gaskiya ne da nassin hadisi, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa a tsare yara a gida a farkon shigar dare saboda shaiɗanu suna bazuwa a lokacin. Abin da ba shi da tushe shi ne cewa ana musanya ɗan da ke ciki, da kuma cewa guntun ƙarfe yana tsare wani abu. Wannan camfi ne, ki kwance shi, ki riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da azkar na safe da yamma. Makaranta kuwa ba na ba ki shawarar bari, domin yanzu ne kika fi bukatarta; ki roƙi malamarku ta riƙa sallamarki da sauran rana ki iso gida kafin almuru, kin ga an cire wa gwaggo rabin damuwarta. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Asma'u 'yar Umais ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zul Hulaifa a hanyar Hajjin Bankwana, kuma a wannan halin ta aika aka tambayar mata Annabi yadda za ta yi da haramarta, bai ce mata ta yi rashin kunya ba, ya ba ta amsa. Maganar rubutu na bar wa waɗanda suka fi ni bincike a kanta.

Kakar Yara ta amsa:

Salamu alaikum. Jikata ce take karanta mini abin da ake rubutawa a nan, ita ce kuma take rubuta wannan da bakina. Na ji bayanin Malama, Allah ya ƙara sani, kuma maganar ruwan ganyen nan wallahi yau na fara jinta bayan haihuwa tara. Amma ina so in ce wa yarinyar nan wani abu a kan al'adar da 'yan zamani suke yi wa kallon duhun kai.

Jikata, goyon ciki rahama ne iyayenmu suka tsara. Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, tana zaune cikin dangin miji, ba za ta iya duban uwar mijinta ta ce mata ga inda yake yi mata ciwo ba, amma a ɗakin uwarta ko ba ta yi magana ba za a gane daga yadda take zama da tashi. Can ne za a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a dama mata kunu, miji ya aiko da ƙauri da kayan yaji, ta yi kwana arba'in ba ta ɗaga ko tsinke ba. Allah da kansa ya ce a Suratu Luƙman uwa ta ɗauki ɗanta cikin rauni a kan rauni, to mutanen da suka tsara wa mai wannan rauni hutu da kulawa ba su saɓa wa Allah ba. Gwaggon nan ma da ta ƙulla miki ƙarfe, da ba ta ƙaunarki da ba ta damu da abin da zai same ki ba. In za ki kwance shi ki kwance, amma kada ki bari bakinki ya furta mata kalmar shirka, domin na ga gidajen da irin wannan kalma ta raba har aka mutu ba a shirya ba.

Inda zan ba Malama gaskiya shi ne wajen kunya. A haihuwata ta fari naƙuda ta kama ni tun bayan isha'i, na shige ƙuryar ɗaki na durƙusa na cusa bakin zani a baki ina cizo don kada a ji nishina, domin an riga an gaya mana cewa wadda ta yi raki a haihuwar fari za a yi ta yi mata gori har ta tsufa. Sai da asuba da innata ta leƙo tashina sallah ta same ni a haka. Allah ya kuɓutar da ni, amma ƙanwata da ta yi irin wannan dauriyar kwana biyu ba ta samu ɗan da rai ba, ita kuma ta jima tana fama da yoyon fitsari kafin a yi mata aiki. Mun ɗauka wannan kunyar addini ce. Da na girma na ji an fassara mana Suratu Maryam, na ji yadda naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, sai na ce ashe wadda ta fi mu daraja ta faɗi zafin da ta ji, kuma ba a zarge ta ba, lallashinta aka yi aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta.

Karatun mata kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ni 'yar ƙasar Sakkwato ce, mun taso muna jin labarin 'Yan Taru, yadda Nana Asma'u 'yar Shehu take naɗa wa dattijuwar da ake kira jaji malfa, ita kuma ta koma ƙauyensu tana koyar da mata tsarki da sallah ta hanyar waƙa. Ki gaya wa gwaggo haka cikin ladabi, tsofaffi suna jin maganar da aka jingina wa magabata.

Ungozomar Asibiti ta amsa:

Assalamu alaikum. Ƙanwata, ni aikina karɓar haihuwa ne, ba zan shiga fagen malamai ba, amma akwai wuraren da al'ada da fahimtar addini suke biyo mata har ɗakin haihuwa, kuma a nan muke ganin sakamakonsu. Ba ki ambaci awo ba ko sau ɗaya a tambayarki, ina fata mantuwa ce. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farkon ciki. A nan ake auna hawan jini da yawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi allurar tetanus, a duba kwanciyar yaro. Idan za ki tafi goyon ciki, ki tafi da katinki, ki kuma yi rajista a asibitin da ya fi kusa da gidanku a makon da kika isa, kada ki bari sai ranar naƙuda.

Abin da Kaka ta ba da labari bai wuce ba, har yanzu yana faruwa. Akwai daren da aka kawo mini wata yarinya wajen ƙarfe biyu a bayan a-kori-kura, ta kwana ta yini tana naƙuda, leɓenta baƙi ƙirin da tawadar rubutu, ga laya an ɗaura mata a damtse, jikinta duk warin hayaƙin da aka turara mata saboda ta fara jijjiga an ce iska ce. Da na auna ta, hawan jini ne ya kai inda ya kai. Na tambayi mahaifiyarta ko yarinyar ta yi kukan ciwon kai a kwanakin baya, ta ce ai ba ta faɗa ba, cikin fari ne. Sannan maigidan yana kasuwar wani gari, aka yi ta neman wayarsa domin babu mai iya fitar da ita ba da izininsa ba. Don haka ki riƙe waɗannan alamu: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, zubar jini komai ƙanƙantarsa, fashewar faya kafin lokaci, ko yaro ya rage motsi. Duk wadda kika gani a ciki, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya.

Wankan jego kuma ba na cewa a daina, domin tsafta da gasa jiki da ruwa mai ɗumi suna da daɗi ga mai jego. Matsalar tana wajen wuce iyaka. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kan yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Zariya, kuma suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki aiki. Mai jegon da ta fara haki idan ta kwanta, ko tari, ko ƙafafunta suka kumbura, ba ƙarin kanwa take bukata ba kamar yadda ake cewa wai sanyi ne ya shige ta. Wadda take da hawan jini kuwa ta nisanci kanwa gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai ba shi da kyau. Shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Shafa ɗan taunannen dabino a dasashinsa da malamai suke cewa sunna ne daban yake da ɗura masa ruwa ko rubutu a cokali. Cikin jariri sabon haihuwa ba ya bukatar komai sai nono har wata shida.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da izinin Malama da iyayenmu mata, zan taɓa maganar rubutun da aka bari, sannan in yi wa 'yan'uwana maza magana, tunda na tabbata suna karantawa ko da ba su sa baki ba.

Rubutun sha mas'ala ce ta saɓani, kuma adalci shi ne a faɗi haka. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana rubuta wa matar da haihuwa ta yi wa tsanani wasu ayoyi a mazubi mai tsarki a wanke ta sha, an kuma ruwaito cewa Imamu Ahmad yana yin haka, Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim ma sun halatta shi. Wasu malaman sun ga barinsa ya fi, domin abin da ya tabbata daga Annabi shi ne karantawa da tofawa a tafin hannu a shafe jiki. Saboda haka bai dace a kafirta tsohuwa a kan rubutu ba. Amma waɗanda suka halatta sun yi maganar Alƙur'ani ne da zikirin da aka san ma'anarsa, ba hatimi mai gidaje da lambobi da sunayen da ba a san na su wane ne ba. 'Yar'uwa, kin ce ba ki san malamin ba kuma wankakke ake kawo miki, to ba ki da hanyar sanin abin da aka rubuta. Mafita mai sauƙi ita ce maigidanki ya je da kansa ya gode wa malamin ya ga allon, ko kuma ku gaya wa gwaggo cewa ke ma kina da karatu, za ki riƙa tofa wa kanki a ruwa kina sha.

Labarin da Ungozoma ta bayar na jiran izinin miji ya sosa mini rai, kuma laifin namu ne. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, babu malamin da zai ce mace ta zauna jini yana zuba har sai waya ta shiga. Duk da haka, tunda mun san halin gidajenmu, kowane magidanci ya tara mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabcinsa tun yanzu ya furta a gabansu cewa ya ba da izini a kai ta asibiti ko yana nan ko ba ya nan, ya ajiye kuɗin mota, ya kuma san wanda zai ba da jini idan an bukata. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta ciyar da mai ciki ko da an sake ta har sai ta haihu, ina ga wadda take ɗakinta. Abin mamaki shi ne mutum ya fara tanadin ragon suna da kayan fitar suna tun ciki yana wata huɗu, amma a ce ya kawo kuɗin gwajin jini ya ce babu, alhali ragon suna a mazhabarmu mustahabbi ne, kula da lafiyarta kuwa wajibi.

Nakan ji kuma ana cewa ai in ta rasu wajen haihuwa ta yi shahada. Hadisin gaskiya ne, yana cikin Muwaɗɗa, amma bushara ce ga wadda ajali ya riska, ba uzuri ba ne ga wanda ya yi sakaci da ita. Wanda gini ya faɗa wa ma yana cikin shahidan da hadisin ya lissafa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi gyara katangar gidansa saboda haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Maigidan da ya iya Ahalari, matarsa kuma ta yi arba'in ba sallah bayan ta tsarkaka, ya duba ko wannan sukar ba ta hau kansa ba.

'Yar Islamiyya ta dawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Malama da Kaka da Anti da Malam. Ina zuwa awo tun ciki yana wata uku, mantuwa ce ta sa ban faɗa ba, sai dai ban yi tunanin yin rajista a can gida ba sai da Anti ta faɗa. Na nuna wa maigidana duk abin da aka rubuta, shi ne ya je ya sami gwaggo bayan isha'i, ni ban san yadda suka yi ba, amma washegari ta ce in je makarantar muddin rana ba za ta faɗi ina waje ba. Ƙarfen na kwance na ajiye a cikin kwalla, ta lura amma ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Rubutun har yau ana kawowa, ya ce zai je wajen malamin ranar Juma'a.

Saura mahaifiyata. Jiya ƙanwata ta gaya mini a waya cewa an riga an sauke itacen wanka a ƙofar gida kuma an sayo kanwa tun makon jiya, kuma a awon da ya wuce an ce jinina ya ɗan hau, a ci gaba da lura. Ban taɓa yin maganar cikin nan da ita baki da baki ba, ko a waya sai dai ta ce ya jiki in ce da sauƙi. Kaka, ke da kika san halin iyaye, ta wace hanya zan shigar mata da maganar kanwar nan, ko kuwa in nemi innata ƙanwarta ta raka ni awo ta ji daga bakin ma'aikatan da kanta?